Yadda Za Ka Gina Shafin Intanet Sau Ɗaya, Ka Yi Ta Sayar Da Shi

Tun ranar da na faɗa cewa shafin makaranta guda ɗaya na gina amma makarantu da dama na sayar wa, tambayoyi ba su daina shigowa ba. Wani ya ce ai WordPress, manhajar da nake gina shafin da ita, kyauta ce, ta yaya za a sayar da abin da kowa zai iya saukewa? Wani yana so ya san nawa zai tanada kafin ya fara. Wata kuma ta ce ta gina shafin, amma ta rasa yadda za ta ɗauke shi daga kwamfutarta ta miƙa wa mai shi. Ga amsar gaba ɗaya a wuri guda, don in huta da maimaici.

Sana'ar tamkar ta tela mai ɗinkakkun kaya ce. Ya yanka samfuri ɗaya, ya ɗinka riguna talatin a kansa, wanda ya zo sai a rage hannu ko a ƙara tsawo. Shi ya sa nake kiran wannan haja ɗinkakken shafi, shafin farko da ake kwafa daga gare shi kuma ina kiransa uwa. Mai saye yana biyan wahalar da ka ɗauke masa ne, da kuma tabbacin cewa akwai wanda zai kira idan abu ya lalace.

1. Zaɓi layi ɗaya

Kada ka ce kowa da kowa za ka yi wa shafi. Ribar wannan sana'a tana cikin maimaici ne, maimaici kuwa ba ya yiwuwa sai masu sayenka sun yi kama da juna. Makarantu masu zaman kansu duk abu ɗaya suke so: bayanin makaranta, yadda ake neman gurbi, hotuna, sanarwa, lambar waya. Haka ƙananan asibitoci, otal-otal, kamfanonin jirgin yawo masu kai mutane Umara, ƙungiyoyin agaji da masu ba da tallafi ke tambayarsu adireshin shafi, da masu sayar da atamfa da shadda irin na Kantin Kwari.

Kafin ka tsayar da layi, yi wa kanka tambaya uku. Akwai aƙalla masu wannan sana'a hamsin da ƙafarka za ta iya kaiwa gare su? Suna da kuɗin da ke shigo musu a kai a kai? Ka san yadda suke magana da abin da ke damunsu? Idan ka taɓa koyarwa a makarantar kuɗi, ka riga ka fi wanda ya fi ka iya kwamfuta sanin abin da mai makaranta ke so.

Layin ne zai zaɓa maka manhaja. WordPress ya isa kusan komai, shi ne ke ɗauke da sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya, don haka duk matsalar da ka ci karo da ita wani ya riga ka warware ta. Idan kanti ne, ka ɗora masa WooCommerce. Moodle na masu koyarwa ta intanet ne, amma yana da nauyi, yana son masauki mai ƙarfi, wato wurin da ake haya a intanet don ajiye shafi. Akwai kuma wani layi da mutane ba su cika lura da shi ba: sassan jami'o'i da kwalejoji da ke buga mujallun bincike. Manhajarsu ita ce Open Journal Systems, kyauta ce, kuma waɗanda suka iya saita ta ba su da yawa.

Gargaɗi: ka guji fara sana'ar da shafukan labarai. Masu son su suna da yawa, amma yawancinsu matasa ne da ba su da kuɗin sabunta masauki a shekara ta biyu.

2. Tara kayan aiki

Kwamfuta matsakaiciya ta isa. Ka sa mata Local ko XAMPP, duka kyauta ne, suna ba ka damar gina shafi a cikin kwamfutarka ba tare da intanet ba. Wanda ya san tsadar data da halin wutar lantarki ba ya buƙatar a yi masa bayanin amfanin wannan.

Abu biyu ne za su ci maka kuɗi: sunan shafi, wato domen, da masaukin da shafin zai zauna. Sunayen da ke ƙarewa da .ng da .com.ng suna ƙarƙashin hukumar NiRA ne, ana sayensu da naira ta hannun kamfanonin da ta amince da su, kuma .com.ng ya fi .com araha. Shi .com farashinsa na bin dala, yakan kama tsakanin dala 10 zuwa 15 a shekara. A wajen masauki, ka tabbata yana da cPanel, wato allon da ake sarrafa masauki da shi, yana tafiya da PHP 8, kuma yana ba da takardar tsaro ta Let's Encrypt kyauta, wadda ke sa ɗan kwado ya bayyana a gefen adireshi a wasu manhajojin buɗe shafi. Duk wanda ya ce sai ka biya kuɗi daban kafin ƙaramin shafi ya sami wannan kwadon, nemi wani.

Da farko masauki ɗaya na shafin gwajinka kawai kake buƙata. Sai masu saye sun kai biyar ko shida za ka duba sayen masaukin dillanci, wanda ake ba ka babban wuri kai kuma ka yanka wa kowane mai saye nasa ɗaki da nasa mabuɗi.

Gargaɗi: farashin da aka rubuta da manyan haruffa yawanci na shekarar farko ne. Ka nemo farashin sabuntawa, da shi za ka yi lissafi. Kuma kada ka cusa shafukan mutane goma a cikin cPanel ɗaya don tsimi. Idan ɓarayin intanet suka shiga ɗaya, sun shiga goman.

3. Fahimci lasisi kafin ka karɓi kuɗin kowa

A nan ne zan ɗan daɗe, domin a nan ne amsar mai tambayar halacci take, kuma a nan ne mutane suka fi ƙonewa.

WordPress yana ƙarƙashin lasisin GPL. Lasisin ya yarda ka yi amfani da manhajar, ka gyara ta, ka raba ta, ka kuma karɓi kuɗi a kanta. Sharaɗinsa shi ne duk wanda ka miƙa wa, ya sami 'yancin da kai ka samu. Ba za ka kulle masa lambobin manhajar ba, ba za ka goge sunayen waɗanda suka rubuta ta ka ce kai ka ƙirƙira ba. Ma'ana, mai sayenka yana da damar ɗaukar manhajar ya kai wa wani ya ci gaba da yi masa aiki. Wannan bai taɓa hana ni barci ba, domin mai makaranta ba shi da lokacin wannan, kuma idan kana ɗaga wayarsa ba zai nemi wani ba.

Sunan WordPress kuwa alamar kasuwanci ce mai rajista. Ba a yarda ka sa kalmar cikin domen ɗinka ba. Shi ya sa za ka ga masu wannan harka suna amfani da WP a maimakonta.

Sai rigar shafi, wato tsarin da ke ba shi kamanni. Duk rigunan da ke rumbun wordpress.org suna bin GPL, kana iya sa su a shafi ɗari. Waɗanda ake saye a ThemeForest daban suke: lasisinsu na yau da kullum na shafi ɗaya ne tak. Idan ka sayi riga dala 59 ka sa wa mutum ashirin, ka karya sharaɗi, kuma goma sha tara daga cikinsu ba za su riƙa samun sabuntawa ba. Ga mai ɗinkakkun shafuka, riguna irin Astra, Kadence da GeneratePress sun fi dacewa: na kyautarsu ya isa aiki, na kuɗinsu kuma yana da tsarin da ya ƙunshi shafuka da yawa. Idan ka yi amfani da lasisinka na kuɗi a shafin wani, ka gaya masa tun farko abin da zai faru ranar da kuka rabu.

Gargaɗi mafi girma a wannan jagora: kada ka taɓa riguna da fulogin (ƙananan manhajojin da ake ɗora wa shafi don ƙara masa wani aiki) na kuɗi da aka fasa ake rabawa kyauta a Telegram da wasu shafuka. Na taɓa yi a farkon farawata. Wata uku shafin yana lafiya, ranar nan sai mai makarantar ya kira ni ransa a ɓace: wani uba ya buɗe shafin a wayarsa, ya tsinci kansa a dandalin caca. Wanda ya fasa rigar ya dasa nasa a ciki. Kwana biyu na yi ina wanke shafin, na mayar da rabin kuɗi, kuma makarantu biyu da mutumin ya yi alƙawarin haɗa ni da su ban sake jin labarinsu ba.

Hotuna ma haka. Kada ka kwaso daga binciken Google. Unsplash, Pexels da Pixabay suna ba da hotunan da aka yarda a yi kasuwanci da su, kodayake hotunan mutanenmu sun yi ƙaranci a can. Na fi son in ɗauki nawa da waya: allo, benci, ƙofar aji, ba tare da fuskar yaran kowa ba.

4. Gina uwa

Ka ba wannan mataki sati biyu ko uku ba tare da gaggawa ba. Duk kuskuren da ka bari a jikin uwa, 'ya'yanta za su gada.

Fara da sa WordPress a Local. Kada sunan mai kula ya zama admin, shi ne sunan farko da masu kutse ke gwadawa. Saita lokaci zuwa na Legas, sannan a Permalinks ka zaɓi Post name domin adireshin kowane shafi ya zama mai karantuwa. Ɗora rigar da ka zaɓa, ka yi mata 'yar riga, wato ƙaramar riga da ke gadon babbar, inda za ka zuba duk gyare-gyarenka. Idan ka yi gyara a jikin babbar kai tsaye, ranar da aka sabunta ta aikinka ya tafi.

Launuka da salon rubutu ka saita su a wuri ɗaya, a babban saitin rigar. Kada ka bi maɓalli ɗaya bayan ɗaya kana shafa masa launi. Manufar ita ce idan makarantar gaba launinta kore ne maimakon shuɗi, cikin minti biyu ka sauya shafin duka. Wannan kaɗai shi ne bambancin wanda ke gama kwafi a yini ɗaya da wanda ke kwashe sati.

Gwada salon rubutun da haruffanmu masu lanƙwasa. Rubuta ƙasa, ɗaki, ɓera, da manyansu Ƙ, Ɗ, Ɓ, ka duba da kyau. Salo da yawa masu kyan gani ba su da waɗannan haruffa, sai ka ga harafin ya fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma, ko akwati ya tsaya a gurbinsa. Noto Sans yana da su duka. Idan mai saye yana son maɓallan shafi su yi Hausa, fulogin Loco Translate zai ba ka damar fassara su ɗaya bayan ɗaya, kuma da zarar ka yi a uwa ka gama har abada.

Fulogin kada su yi yawa. Ɗaya na fom, kamar Contact Form 7 ko WPForms. Ɗaya na taimakon injin bincike, Yoast ko Rank Math, ba duka biyun ba. Ɗaya na tsaro kamar Wordfence, ɗaya na kwafin ajiya kamar UpdraftPlus, ɗaya na sauri, sai WP Mail SMTP domin saƙon fom ya isa akwatin imel. Kafin ka ɗora kowanne, duba ranar da aka sabunta shi ta ƙarshe. Wanda ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, mai shi ya yar da shi.

Maɓallin WhatsApp ba ya buƙatar fulogin. Mahaɗin wa.me ne, sai 234, sai lambar ba tare da sifirin farko ba. A wajenmu wannan maɓalli ya fi fom aiki nesa ba kusa ba, don haka ka sa shi inda babban yatsa zai same shi.

Idan kanti ne, a WooCommerce ka mayar da kuɗi naira, ka tsara kuɗin aike jiha jiha, ka kunna biya ta tura kuɗi banki, domin har yanzu mutane da yawa sun fi natsuwa da ita. Paystack da Flutterwave duk suna da fulogin na WooCommerce. Ka ɗora, amma ka bar gurbin mabuɗan da ke haɗa shafin da asusun mai kanti babu komai.

Hotuna su ne ke kashe sauri. Rage girman kowanne kafin ka ɗora, ka mayar da shi WebP, wanda WordPress ke karɓa tun 2021. Ni ba na barin hoto ya wuce kilobait 200. Daga nan ka ari ƙaramar waya mai arha, ka je inda sabis ba shi da ƙarfi, ka buɗe shafin bayan ka ɗora shi a intanet. Abin da ka gani a nan shi ne abin da masu ziyara za su gani, ba abin da ke kan allon kwamfutarka ba.

Abu na ƙarshe: buɗe takarda ka rubuta duk wuraren da ake sauyawa ga kowane mai saye. Suna, tambari, launi, lambar waya a sama da ƙasa, adireshi, taswira, imel ɗin da fom ke aika wa, mahaɗin Facebook. Wannan takarda za ta cece ka a mataki na takwas.

5. Ɗora shafin gwaji

Sayi domen na sana'arka, ka ɗora kwafin uwa a wani reshe nasa. Sa sunan makaranta ko kanti na ƙirƙira, amma rubutun ya zama na gaske, irin wanda mai sana'ar zai karanta ya ce ai kamar tawa. A Settings, ƙarƙashin Reading, ka kunna akwatin da ke hana injin bincike shigar da shafin, domin kada Google ya ɗauki makarantar da ba ta wanzu ba. Ka riƙe wannan akwati a ranka, za mu dawo kansa.

6. Yanke farashi

Farashin naira yana motsi, don haka lissafin zan ba ka. Haɗa abu biyar: kuɗin domen da masauki na shekara a farashin sabuntawa, kason wannan shafi daga duk wani lasisi da kake biya, ladan kwanakin da za ka yi kana gyara kwafin, wani kaso na wahalar gina uwa, da ƙananan kuɗaɗe irin na data da sufuri.

Mu ɗauka ba ka biyan kuɗin wani lasisi, domen da masauki kuma sun ci naira 40,000. Kana kimanta yininka a naira 15,000, gyaran kuma zai ci kwana uku, 45,000 ke nan. Uwa ta ci maka kwana ashirin, wato 300,000, kana sa ran sayar da ita sau goma, kowane kwafi ya ɗauki 30,000. Data, sufuri da la'adar wanda ya haɗa ku, a ce 15,000. Jimla 130,000, kuma wannan shi ne ƙasan da ba za ka sauka ba. Ka sa naka alƙaluman a gurbin nawa. Daga kwafi na goma sha ɗaya, wancan 30,000 ya zama riba zalla.

Ka yi farashi hawa biyu ko uku, misali shafi kawai, shafi da imel mai sunan kamfani, shafi da biyan kuɗi ta intanet. Mutumin kasuwa dole ya nemi ragi. Idan ya matsa, ka rage masa kaya ta hanyar saukar da shi hawa na ƙasa, maimakon ka karya farashin hawan da yake so.

Gargaɗi: kada ka taɓa cewa "biya sau ɗaya shi ke nan". Domen da masauki haya ce ta shekara shekara. Wanda ba a gaya masa haka ba a ranar ciniki, idan ka zo masa da maganar sabuntawa gani zai yi damfara ce.

7. Nemo mai saye, a rubuta yarjejeniya

Tallan Facebook yana kawo masu tambaya, ƙafa ce ke kawo masu biya. Kafin ka je wurin mutum, ɗauki rabin awa ka sa sunan makarantarsa da launinta a wani kwafin gwaji. Bayan gaisuwa ka miƙa masa wayar: "Alhaji, ga yadda taku za ta kasance." Ganin sunansa a kan allo ya fi duk bayanin da za ka yi.

Lokaci yana da muhimmanci. Masu makarantu a watan Yuli da Agusta suke neman ɗalibai kafin sabuwar shekarar karatu ta Satumba. Masu atamfa ka same su wata biyu kafin azumi, domin idan kasuwar salla ta buɗe ko kallonka ba za su yi ba. Yin rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC da buɗe asusun banki da wannan suna yana sa makarantu da ƙungiyoyi su saki jiki da kai, wasu ma ba za su iya biyan asusun mutum ɗaya ba.

Karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami. A takarda ɗaya ku rubuta yawan shafuka, sau nawa za a yi gyara kyauta, wa zai kawo rubutu da hotuna kuma zuwa yaushe, nawa ne kuɗin shekara mai zuwa. Abin da ya fi jinkirta aiki shi ne jiran rubutu daga mai shi. Maganinsa fom mai tambayoyi goma da zai amsa ko da da saƙon murya ne, kai ka mayar da shi rubutu.

Akwai kasuwar waje ma, irin Flippa, inda ake gwanjon shafuka, ana kuma biya ta hannun amintaccen tsakani kamar Escrow.com. Ra'ayina, sabon shafi da ba shi da maziyarta ba ya daraja a can, ga kuɗin sa haja, ga gasa da dubban mutane. Idan za ka gwada, ka san cewa domen .com da aka saya ba ya ƙaura zuwa wani kamfanin rajista sai ya cika kwana 60, asusun AdSense, na tallan Google, kuma ba a sayar da shi tare da shafi. Ka tabbatar da hanyar da kuɗin za su iso ka kafin ka sa hajar.

8. Kwafa ka dasa

Sayi domen da sunan mai shafin da imel ɗinsa. Haɗa shi da masauki, ka ba shi lokaci, wani lokaci yakan kai kwana biyu kafin ya kama ko'ina.

Sabunta komai a uwa tukuna. Sannan da fulogin Duplicator ka ƙulle ta, zai ba ka fayil biyu: ƙunshin shafin da installer.php. A cPanel na mai saye ka buɗe sabon rumbun bayanai da mai amfani da shi, ka ba shi cikakken iko. Ɗora fayilolin biyu a public_html, buɗe adireshin shafin ka ƙara installer.php a ƙarshe, ka bi tambayoyin. All-in-One WP Migration ma yana yi, ya fi sauƙi, sai dai iyakar girman fayil da masauki ya sa takan tare shi.

Gargaɗi: da zarar an gama, goge fayilolin dasawa. Duplicator zai tuna maka, kada ka tsallake. Barinsu daidai yake da barin mabuɗi a jikin ƙofa. Idan kuma tsohon adireshi ya maƙale a wasu wurare, kada ka buɗe rumbun bayanai ka sauya da hannu, domin WordPress yana ajiye wasu saituna tare da ƙidayar haruffansu, sauyin hannu yana lalata su. Yi amfani da Better Search Replace.

Yanzu bi wannan jeri ba tare da tsallake ba. Sauya kalmar sirri da imel ɗin mai kula, kada shafuka biyu su taɓa yin kalmar sirri ɗaya. Shiga Permalinks ka danna ajiyewa ko da ba ka sauya komai ba, yana gyara shafukan da ke cewa ba a same su ba. Tabbatar kwadon tsaro ya fito. Ɗauko takardar nan ta mataki na huɗu ka bi ta layi layi. Aika saƙo ta fom ka ga ya isa. Danna maɓallin WhatsApp ka ga wa ya kira. Na taɓa barin lambar wata makaranta a ƙasan shafin wata, sati biyu iyaye suna kiran abokiyar gasarta.

Idan kanti ne, mai shi ne zai buɗe asusun Paystack ko Flutterwave da sunansa da bankinsa, kai mabuɗan kawai za ka sa. Kada kuɗin cinikin wani su bi ta asusunka ko da shi ya roƙa. Yi sayayyar gwaji ta ƙaramin kuɗi, ka tabbata ka fita daga yanayin gwaji zuwa na gaske.

Sai akwatin nan na Reading. Kashe shi. Mantawa da shi ne ya sa za ka ji mutum yana kuka wata shida sunansa bai fito a Google ba.

9. Miƙa wa mai shi

Nuna masa aikin, karɓi cikon kuɗi, sannan ka miƙa mabuɗai. Ba a juya wannan jeri, ko da ɗan'uwa ne.

Ba shi takarda mai ɗauke da bayanan shiga domen, masauki da shafi. Shi mai shi ya sami matsayin Administrator, ma'aikacin da zai riƙa sa sanarwa kuma Editor, domin kada ya goge abin da bai sani ba. Yi musu bidiyo uku gajeru da Hausa: yadda ake sa sanarwa, yadda ake sa hoto, yadda ake sauya farashi. Za su rage maka kiran dare. Ka shigar da shafin a Google Search Console, ka taimaka musu su buɗe Google Business Profile domin su fito a taswira. Tunda fom yana karɓar sunaye da lambobin mutane, ka sa shafin da ke bayyana abin da ake yi da bayanan, domin dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafi duk mai tara su.

10. Kuɗin kulawa

Sayarwa sau ɗaya ce, kulawa kuwa duk shekara. Mutum talatin da ke biyanka kuɗin kulawa sun fi maka sababbin ciniki goma da ba ka san ranar zuwansu ba. Abin da za ka ɗauka a kai: sabunta domen da masauki, sabunta manhaja, kwafin ajiya, da ƙananan gyare-gyare masu iyaka, misali biyu a wata. Sabon shafi ko sabon tsari ciniki ne daban.

Saita UpdraftPlus ya riƙa aika kwafi zuwa Google Drive duk sati. Kwafin da ke zaune a masauki ɗaya da shafin, tare za su ɓata. Idan shafuka sun yi yawa, MainWP zai tara maka su a allo ɗaya, shi ma buɗaɗɗiyar manhaja ce. Jerin sabuntawa kullum ɗaya ne: gwada a uwa, ɗauki kwafin ajiya, sannan ka sabunta na mutane. Kada ka yi ranar Alhamis da dare idan ba ka shirya kwana a gaban kwamfuta ba.

Buɗe jadawali mai sunan kowane shafi da ranar ƙarewar domen ɗinsa. Tuna wa mai shi saura wata biyu, sannan saura wata ɗaya, sannan saura sati. Domen da ya ƙare aka bar shi yakan shiga lokacin fansa, inda kuɗin dawo da shi ke ninka na sabuntawa sau da yawa, bayan nan kuma kowa na iya saye. Kada ka biya wa mutum daga aljihunka da fatan zai biya ka daga baya, sai dai wanda kuka daɗe kuna hulɗa.

Wata rana wani zai ce zai koma wurin wani. Idan babu bashi tsakaninku, ɗauki cikakken kwafin shafin ka ba shi, ka buɗe kullen domen, ka karɓo masa lambar EPP da ake ƙaura da ita. Cire lasisinka na kuɗi daga shafin kamar yadda kuka rubuta tun farko, goge asusunka na mai kula, sannan ka aika masa saƙo a rubuce cewa daga ranar kaza kulawar shafin ta bar hannunka.